Awon Ƙafar Sallau

Sallau ya dawo mini da takalmi ran Talata,
ya dire shi a tabarma kamar mai mayar da bashi.
"Hannunka ya tsufa, Inuwa. Ka matse ni."

Shekara talatin ina yankan fata a Marwa,
amma ban yi musu ba.
Na buɗe akwati, na zaro kwalin sukari
wanda na zana ƙafarsa a kai
shekarar da Kaliyawo ya cika ya hana mu ƙetarewa.
Na ce, "Taka."
Ya taka.
Ƙafa ta haura zane, dama da hagu,
kamar kunun da ya tafasa ya bi bayan tukunya.

Kwali ba ya tsukewa, Sallau,
ƙafar dattijo kuma ta gama girma.

Ya yi dariya. Wai zaman shago ne,
wai zafin bazara,
wai ƙiba ce ta biyo rufin asiri.
Na sa babban yatsa a idon sawunsa na danna,
yadda nake danna fata in ji ko jima ta kama.
Na ɗauke.
Ramin ya zauna.
Mu biyu muka zuba masa ido
har mai shayi ya sallami mutum uku,
bai cike ba.

Sai abubuwan da na gani ban ƙirga ba suka dawo:
zoben azurfa da ya yi ƙaura zuwa ƙaramin yatsa,
tsayawar da yake yi a gindin darbejiya a hanyar Domayo,
yana gaida mutanen da bai sani ba
don numfashi ya cim masa,
hular da yake turawa gaba yana murza ƙeya da hantsi.
Ni da hannuna na ɗinka masa matashi na biyu
da Ladi ta ce barci ya ƙi shi a miƙe.
Na karɓi kuɗina. Ban tambaya ba.

Ashe ciwo ba ya faɗowa gida da gudu.
A zaure yake tsayawa, yana gyaran murya,
wata da watanni,
masu gida na cewa iska ce.

"Ai ba a kwance nake ba," in ji Sallau.
Na ce ban taɓa ganin takalmin da ya yage rana ɗaya ba.
Zare guda ke fara saki,
mai shi ya gani, ya tura da yatsa, ya ce gobe.

Kafin azahar na ja ƙyauren shago.
Tsofaffi biyu a bayan babur ɗaya,
yana zagina tun daga kasuwa har ƙofar asibiti.
Wata yarinya, Jenabu, sa'ar autarsa,
ta naɗe masa damtse, ta hura, ta duba,
ta yi shiru,
ta koma ɗaya hannun.
Ta ba shi kwalba, ta nuna masa bayan gida.
Likita ya rubuta da Faransanci, ya faɗa da Fulatanci,
na juya masa da Hausa:
jini ya hau, zuciya ta fara gajiya da ɗauka,
amma mun tarar da ƙofa a buɗe.
Jaka shida muka bari a can.
Ragon sadakar uku ya fi haka.

Yanzu gishiri sai da awo,
kilishi ya koma abin kallo,
ƙwaya ɗaya fara bayan asuba.
Kullum yana kai ƙarar miyar Ladi wurina.

Takalmin kuwa ban buɗa shi ba.
Na rataye shi a ƙusa.
Duk Juma'a ya zo ya gwada.
Wancan mako ta dama ta shiga,
ta hagu na nan tana gardama.

Jiya yana zaune yana kallona ina ɗinki,
can ya ce, "Inuwa,
butar nan sau nawa ka cika ta tun safe?"
Na ce huɗu.
Ya miƙe, ya ɗauko mini hulata.